Shekarar da Na Juya Coci Alƙibla

Ku 'ya'yana, da jikokin da suka fara wayo, na san kun sha jin ana kirana Ummaru Fada a bakin kasuwar Tambuwal, kuma kowannenku ya ji dalilin daga bakin da ya fi kusa da kunnensa. Wasu sun ce muku na kusa barin addini, wasu sun ce ido ne ya fara mutuwa har na gina bango a karkace. Kawunku Shehu na Kebbe, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Allah yana ba da nasa labarin, kuma a cikin nasa shi ne aka zalunta. To yau ku zauna ku ji nawa. Ni magini ne, ɗan magini, biro yana ba ni wahala fiye da cokalin gini, saboda haka ba zan ɓata muku lokaci da shekarar haihuwa da sunayen malaman allo ba. Shekara ɗaya ce nake so ku fahimta.

Masallacin unguwarmu na dā kakanku ne ya gina shi da tubalin ƙasa da azara, kuma a cikinsa aka yi masa sallah da ya rasu. A shekarar da nake ba ku labari damina ta riga ta cinye shi, azara ta sunkuyo, in dogon mutum ya ɗago daga ruku'u sai ya yi hankali da kansa. Jama'a suka yanke shawarar in an yi kaka a rushe shi a sake shi da bulo da siminti, aka kafa kwamiti, Liman ne shugaba. Ban taɓa son wani aiki a duniya kamar yadda na so wannan ba. Na gina wa mutane masallatai daga Jabo har Kebbe, amma wannan na ubana ne, kuma ina ganin in wani hannu ya taɓa shi ba nawa ba, kamar na bar baƙo ya yi wa mahaifina wanka ne. Akwai wani ɗan kwangila daga Sakkwato da wasu 'yan kwamiti ke so, amma Liman yana tare da ni. Abin da ya ce mini kawai shi ne in yi haƙuri a cire amfanin gona.

Ana cikin jiran kaka sai ga Malam Yohanna ya yi sallama a ƙofar gida. Ku manyan kun san shi, shi ya koya muku lissafi a firamare, mutumin Zuru, dogo, mai sanyin magana. Shi ne katekis na 'yan Katolikan garin nan, wato mai jan su addu'a idan Fada bai zo ba. Ba su da yawa, malaman makaranta ne da 'yan sanda da ma'aikatan asibiti da masu sayar da kayan mota, kuma shekara da shekaru a wata rumfar kwano suke ibadarsu, rana ta gasa su, ruwa ya jiƙa su. Sun samu fili a bayan gari, bakin titin Sakkwato, can inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara, yanzu magini suke nema. Ya warware mini wata babbar takarda a kan tabarma. Na duba, na juya ta, na sake juyawa, ban ga kusurwa huɗu ba. Bango ɗaya ne miƙaƙƙe, sauran duk ya lanƙwaso kamar an raba faifai biyu.

"Malam Yohanna, wanga rumbu na ko ɗaki?"

"Coci ne, Malam Ummaru. Irin na yanzu."

"Wanda yaz zana shi, lafiyatai ƙalau?"

Ya ce in zo fili ranar Lahadi da yamma in ji daga bakin Fada. Na je. Fada yaro ne a kaina, mutumin kudancin Kaduna, a kan babur yake zuwa daga Sakkwato, ga shi da yawan dariya. Na gaya masa gaskiya cewa ban taɓa ganin ɗakin ibada mai kama da rabin ƙwarya ba, kuma wanda ya zana daɓe yana gangarowa ko dai bai taɓa yin shara ba ko kuma bai san magini ba.

"Malam Ummaru," in ji shi, "in za ku ci tuwo a gidanka, layi kuke yi kowa yana kallon ƙeyar wani?"

"A'a. Kowa shina kewaye da akushi."

"To haka muke so. Teburin nan na gaba shi ne bagadi, jama'a su kewaye shi, kowa ya ga kowa. Babu ginshiƙi a tsakiya da wani zai ɓuya a bayansa, babu lungun da za a tura talaka. Daɓen kuma ya gangaro a hankali don na baya ya gani kamar na gaba."

Na juya maganar a raina. Mu a wurinmu kafaɗa da kafaɗa ake tsayawa, sahu a miƙe, kowa idonsa a inda goshinsa zai sauka, kuma ni na daɗe da ganin hikimar haka, domin akwai mutane a unguwarmu da in ina kallon fuskarsu ba zan kai ƙarshen Fatiha da zuciya ɗaya ba. Na faɗa wa Fada haka. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce su ma suna da irinsu, shi ya sa suke so a dinga kallonsu ko a saba. Ina shirin in ce su nemi wani, sai Malam Yohanna ya ce, cikin sanyin nan nasa, ai dama an gaya musu babu maginin Tambuwal da zai iya lanƙwasa bangon bulo ya kuma rufe shi ba ginshiƙi a tsakiya, sai dai a ɗauko daga Kaduna. Har yau ban sani ba ko da gangan ya faɗa. Na dai san kafin in hau keke na riga na ce su kawo yashi.

Da na koma gida na gaya wa innarku Hajara, tana tankaɗe ta ajiye rariya.

"Malam, ka san bakin mutanen garin ga. Kai da kaka jiran masallacin Baba."

"Mutumin da yak koya wa ɗiyanmu karatu na yar roƙe ni inuwa. Kuma bulo bai da addini."

"Bulo bai da shi, amma 'yan kwamiti suna da shi. In an tambaye ka, ka ce ɗakin taro na. Ba ƙarya ka yi ba, ai taruwa za su yi."

Na ɗauki shawararta. Leburori ma daga Dogon Daji na ɗauko su, don kada magana ta riga ni isa unguwa.

Yanzu mun zo inda ake ta surutu a kai, kuma ku rubuta ku ajiye, har gobe ban ga laifina ba. An tura Fada wani karatu a Jos, zai daɗe. Ranar da za a fitar da tushe Malam Yohanna yana aji. Na isa fili da sassafe da turaku da igiya, na tsaya a tsakiya. An ce mini ɗakin ibada ne. To ɗakin ibada ina yake kallo? Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da zuciyata ba, ƙafafuna ne suka juya da kansu kamar yadda suka saba tun ina saurayi. Ga shi kuma a jikin miƙaƙƙen bangon nan, bayan bagadi, mai zane ya fitar da wani ɗan kumburi, inda daga baya na ji suna ajiye wani ɗan akwati mai daraja a wurinsu. Ni da na gan shi a takarda cewa na yi, ashe su ma suna da mihrabi. Na kafa turaku, na ja igiya, kumburi ya fuskanci alƙibla cif. Aka haƙa, aka zuba kankare. Abin da ban lura da shi ba, filin yana yamma da titi, saboda haka kumburin ne ya koma yana kallon masu wucewa, ƙofa kuma ta koma baya.

Sai da kankare ya bushe Malam Yohanna ya samu zuwa. Ya kewaya, ya sake kewayawa, yana riƙe da kekensa.

"Malam Ummaru, ina ƙofa?"

"Ga ta can."

"Can ai gonar gero ce. Mai zane ya ce ƙofa ta kalli titi, don mai wucewa ya ga a buɗe take."

"To ku da Allah za ku yi magana ko da titi?"

Ya cire hula ya share gumi, ya ce simintin nan matan coci ne suka tara shi da sayar da ƙosai da kunu, ba shi da fuskar da zai ce musu a fasa. A ci gaba, in Fada ya dawo ya san yadda zai yi da mu duka biyun.

Bango ya tashi. Zan faɗa muku ba tare da kunya ba, ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba. Kowane bulo sai na ɗan karkata shi kaɗan daga ɗan'uwansa, yadda na ga kakanku yana yi wa rumbu, har lanƙwasar ta fito sumul, in ka bi ta da tafin hannu ba za ka ji inda ta karye ba. Tagogi a sama suke, da bulo mai huda, iska na shiga ta ko'ina, haske ya sauko daidai inda teburin zai zauna. Daɓen da na raina shi ya fi ba ni wahala, domin gangarar da ƙafa za ta ji amma ido ba zai gani ba ta fi miƙaƙƙen daɓe wuya nesa ba kusa ba. Ranar Asabar 'yan coci kan zo maza da mata su kwashi yashi suna waƙa, sauran ranaku daga ni sai leburorina. Gicciye kuwa babu shi tukuna, Fada ya ce shi zai taho da shi daga Jos.

To ku duba da idon mai wucewa. Ga gini a bakin titi, ga kumburi yana fuskantar alƙibla, ga inuwa, ga durom cike da ruwan kwaɓa siminti. Wata rana azahar ta yi, na yi alwala na shimfiɗa buzuna a ciki, na fuskanci kumburin, tunda nan ne alƙibla. Ina cikin raka'a ta biyu na ji an taɓa kafaɗata, an tayar da kabbara a bayana. Wata bas ce ta yi faci, direba da fasinjojinsa suka ga masallaci da liman a tsaye. Mutum ba ya juyawa a cikin sallah ya ce wa na bayansa, yi haƙuri, nan coci ne. Na kai su har sallama. Suka ɗaga hannu suka roƙa wa masu ginin albarka da gamawa lafiya, na ce amin, don ban ga abin ƙi a cikin addu'ar ba.

Direba kuwa ba ya riƙe magana. Kafin a jima duk masu motar hanyar sun san akwai sabon masallaci mai ruwa da iska a bayan Tambuwal. 'Yan kabu-kabun Jabo suka mai da shi zango. Wani ya bar buta, wani ya kawo tabarma sadaka, wani Bafillace mai murya ya ɗauki ladanci a kan tsibin yashi ba wanda ya naɗa shi. In na ce zan yi magana sai in tuna masallacin Baba, in haɗiye. Ranar da Malam Yohanna ya zo ya tarar da sahu biyu, tsayawa ya yi a gefen gero da kekensa har aka shafa fatiha aka watse, sannan ya matso.

"Malam Ummaru, me zan gaya wa Fada?"

"Ka ce mishi ginin ya yi albarka tun ba a ƙare ba."

Ana haka ranar kasuwa ta zo, na tafi sayen ƙusa ban leƙa wurin aiki ba. Da la'asar sai ga kawunku Shehu, yayan innarku, ya sayar da shanunsa ya biyo ta gida. Waɗanda suka san shi sun san ba ya magana a hankali, ko gaisuwa yake yi sai maƙwabta sun amsa. Aka kawo tuwo, ya wanke hannu, ya kai loma ɗaya, ya girgiza kai.

"Ummaru, yau na ga abin takaici. Wani masallaci na aka ginawa bakin hanya, ni na ja musu azahar. Da nid duƙa ruku'u sai nij ji awa za ni gangarawa rijiya. Sujada kau, jini dut ya taru ga kai. Bangon baya ya lanƙwashe, sahun ƙarshe sun rasa yadda za su miƙe, wani tsoho har da take ƙafar wani. Wane makaho na yag gina shi?"

Innarku ta tashi ɗebo ruwan da babu wanda ya nema.

"Halan akwai dalili, Yaya," na ce.

"Dalili guda na, bai iya ba. Alƙibla kaɗai yas samu daidai, ita ma na san sa'a ta."

Tuwon nan da ƙyar ya wuce mini. Ana zagina a gidana, a kan tabarmata, da miyar matata a bakin mai zagin, kuma ba ni da ikon in ce uffan. In na ce coci ne, masallacin Baba ya tafi. In na bari a ce masallaci ne, to ni ne makahon. Na zaɓi in yi shiru, ina fatan ya koma Kebbe da abinsa.

Bai koma ba. Ya kwana, da safe bayan an idar da sallah ya zauna da Liman da 'yan kwamiti a ƙofar masallaci, ya shiga yi mini yaƙi, domin Shehu yana ƙaunata, wannan ba zan hana shi ba. Ya ce musu kada su kuskura su ba baƙon magini aikinsu ga ɗan gida, in kuma suna son su ga irin ɓarnar da baƙi ke yi, su tashi ya nuna musu da idonsu. Ni ban san ana yi ba, na riga na sulale wurin aiki. Ina saman katako muna ɗaura rodi ni da Malam Yohanna yana miƙo mini waya, don ranar an ba da hutun makaranta, sai na hango babura suna sauka daga titi, Liman a bayan na gaba yana riƙe da rawaninsa. Na dubi gonar geron nan, ta yi tsawon da za ta ɓoye mutum. Wallahi na yi tunanin haka. Amma kafin in sauko sun shigo.

Shehu ya ɗaga kai ya gan ni, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi. Kun gani ko? Har sun gane kurensu, sun kira Ummaru gyara."

Ya ɗauki butar da aka bari ya tsiyaya ruwa a bakin ƙofa. Ruwan ya kama hanya a hankali, bai tsaya ba sai gaban kumburi. 'Yan kwamiti suka fashe da dariya, wani ya ce wannan ko akuya ce ta yi daɓen sai haka. Wani ya shafa bangona, bangon da na fi so a duk rayuwata, ya ce Allah ya isar wa wanda ya sayi siminti. Liman bai yi dariya ba. Ya dubi ginin sama da ƙasa, ya dubi Malam Yohanna da ke tsaye da waya a hannu ya sunkuyar da kai, sannan ya dube ni.

"Ummaru, aikin wa na?"

Ga ƙofa Shehu ya buɗe mini, faɗin ta ya isa in wuce da kayana. In ce gyara na zo yi, shi ke nan, masallacin Baba ya zama nawa, kuma na san Malam Yohanna ba zai tona ni ba, ba halinsa ba ne. Ina so in ce muku tsoron Allah ne kaɗai ya riƙe harshena, kuma yana ciki. Amma akwai zuciya ma. Na ji ba zan iya tsayawa a kan bangon da na gina in ce ban san shi ba, a gaban mutumin da ya ba ni amana, don in samu in gina ɗakin Allah da ƙarya a tushensa. Na sauko, na karkaɗe hannu.

"Allah gafarta Malam, aikina na, tun daga tushe. Kuma babu inda yak karkace. Haka anka zana shi, haka nig gina shi. Daɓen ga da gangan yag gangara, don na baya shi ga abin da na gaba ka gani. Wanda ka iya yin irinai cikinku shi ɗauki cokali. Kuma ba masallaci na ba. Cocin su Malam Yohanna na."

Shehu ne ya fara samun bakinsa, kuma ranar ce kaɗai na taɓa jin ya yi magana a hankali.

"Ummaru, ni na ja sallah cikin coci?"

"Raka'a fuɗu, Yaya. An ce ma ka daɗe ga sujada."

Wani daga cikin 'yan kwamiti, ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsa abokanku ne, ya ce ai tunda an yi ta sallah a ciki ya zama masallaci, sai dai masu shi su nemi wani fili. Ni kuwa na san inda irin wannan magana take kaiwa. Liman ya ɗaga hannu.

"Wanda yas sayi fili shi ad da ɗaki. Sallar da anka yi ta yi, ƙasa mai tsarki ta, alƙibla kau daidai take. Amma daga yau kowa shi ɗauke butatai. Malam Yohanna, ku yi muna haƙuri, mun shigo muku ba sallama."

Malam Yohanna ya ce babu komai, ai addu'a aka yi musu. Suka hau babura suka tafi, Shehu bai ko waiwaye ni ba, kuma sai da aka yi sallah babba biyu kafin ya sake cin tuwon gidana. Da na koma na gaya wa innarku yadda aka yi, ta dube ni.

"Ni ɗakin taro nic ce ka ce, Malam. Ban ce ka zama liman ciki ba."

Sai kuma ta juya baya tana gyara murhu, na ga kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take yi. Dariya ce, amma da ta juyo akwai hawaye a ciki, domin ta san abin da na rasa tun kafin a faɗa.

Fada ya dawo da gicciyensa a bayan a-kori-kura. Da aka ba shi labari sai da ya nemi bulo ya zauna don dariya. Ya ce a bar ƙofa inda take, ai cocin mutanen dā ma gabas suke kallo, sai dai a roƙi mai gona hanya. Ya sa aka ajiye randa a gindin dogon yaro a bakin titi saboda matafiyan da suka saba tsayawa. Ranar buɗewa sun gayyace ni, na je na tsaya daga bakin ƙofa. Na ga abin da yaron nan Fada yake nufi. Sun kewaye teburinsu, mata da goyo, 'yan sanda ba kaki, kowa yana ganin kowa, muryar Fada tana kaiwa bango ba lasifika. Wani tsohon saje ya fara gyangyaɗi, bai samu ginshiƙin da zai ɓuya ba, coci duka tana kallonsa har matarsa ta miƙa hannu ta zungure shi. Daga ranar ne 'yan kasuwa suka laƙa mini Ummaru Fada.

Kwamiti ya zauna bayan an cire gero. Liman ya yi mini magana iyakar ƙoƙarinsa, amma masu ƙi sun fi yawa, aka ba ɗan kwangilar Sakkwato aikin. Liman bai aiko ba, da ƙafarsa ya zo zaure ya gaya mini, na ce Allah ya sa haka ya fi alheri, na raka shi ƙofa. Ranar da aka rushe ginin kakanku ban iya tsayawa ba. Na ɗauki fartanya na tafi gona, gonar da babu abin da ya rage a cikinta sai kara, na wuni ina jin ƙarar faɗuwar azara a kunnena ko da yake nisan ya fi ƙarfin a ji. Na yi baƙin cikin da ban yi irinsa ba tun rasuwarsa.

Bayan an kwashe ƙasa an share fili, wata safiya Liman ya aiko a kira ni, ya ce in taho da turaku. Na tarar da 'yan kwamiti a tsaye, da ɗan kwangila da mutanensa, an sauke bulo tsibi-tsibi. Liman ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Kwamiti sun hana ka gini, ba su hana ka igiya ba. Mutumin da ko coci anka ba shi sai ya juya ta alƙibla, shi za ya ja muna layi."

Aka yi dariya, har wanda ya so a ƙwace cocin. Ni ban yi ba. Na tsaya a tsakiyar filin da babu komai a kansa, na yi bisimilla, na kafa turke, na ja igiya zuwa ɗaya gefen na ɗaure. Aikin bai kai a sha fura ba. Leburorin ɗan kwangila suka sa diga suna bin layin, ni kuma na tsaya gefe ina naɗe ragowar igiya a hannu. Da suka yi zurfin gwiwa sai diga ta fara fito da jar ƙasa mai tauri, daban da ta wurin. Tushen Baba ne. Yana kwance a ƙarƙashin igiyata daga wannan turke har wancan, bai kauce ba, ni ma ban kauce ba. Na tsuguna na sa hannu a kai, kuma a gaban mutanen nan duka, da furfurata, na yi kuka.

Ban aza bulo ko ɗaya a masallacin nan ba, kuma ɗan kwangila ya yi aikinsa da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. In kun shiga kuna sallah kada ku ɗaga kai kuna neman aikina a bango ko a rufi, babu shi. Nawa a ciki layi ɗaya ne, yana ƙarƙashin ƙafafun sahun farko, tare da na ubana.